Lissafin bashin karatu: me ɗalibi ke ci, me zai biya?

Karatun jami'a bai taɓa zama kyauta ba a ko'ina a duniya. Malami zai ci albashi, ɗakin gwaje-gwaje na buƙatar kaya, janareta na shan gas, ɗalibin kansa sai ya ci abinci ya sami wurin kwana. Idan ka ji an ce karatu kyauta ne a wata ƙasa, ma'anarsa wani ne ya biya. Masu biyan kuwa ba su wuce huɗu ba: gwamnati daga kuɗin haraji ko na mai, iyaye da dangi, masu ba da tallafi, sai kuma ɗalibin da kansa, ko dai yanzu ko bayan ya gama. Duk rigimar da ake yi kan kuɗin makaranta rigima ce a kan yadda za a raba wannan kaya tsakanin mutum huɗun nan.

A Najeriya an daɗe gwamnati ce ke ɗauke da mafi nauyin kayan. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, kuma har yau a hukumance ba a biyan sa. A 1978 da aka ƙara kwabo 50 kacal a rana a kan kuɗin abinci da masaukin ɗalibai, sai da ƙasa ta ɗauki zafi. Zanga-zangar da aka yi ta neman a tsige kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ta ci rayukan ɗalibai a Legas da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tun daga nan gwamnatoci suke tsoron kalmar "kuɗin koyarwa". Sai jami'o'i suka koma karɓar kuɗi da wasu sunaye: kuɗin rajista, na jarrabawa, na asibiti, na laburare, na wasanni. A 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama, ciki har da Bayero ta Kano da ta Maiduguri da ta Legas, suka ninka waɗannan kuɗaɗe. Ɗalibai da yawa suka rasa yadda za su yi rajista, har sai da wasu gwamnatocin jihohi da 'yan siyasa da masu hali suka riƙa biya wa wasu.

A wannan yanayi ne bashin karatu ya shigo.

Me ya sa banki ba zai ba ɗalibi bashi ba?

Tambayar ta fi yadda ake zato zurfi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa, a jimlace, mai digiri ya fi wanda ya tsaya a sakandare samun kuɗi a tsawon rayuwarsa. To idan haka ne, karatu jari ne mai riba, me zai hana banki ya zuba kuɗi a ciki kamar yadda yake ba ɗan kasuwa?

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Milton Friedman, ya amsa wannan tun a 1955. Idan banki ya ba ka bashin sayen mota ko gida, yana da abin kamawa idan ka gaza biya. Ilimi kuwa a cikin kai yake, ba a jinginar da shi, ba a ƙwace shi a yi gwanjonsa. Sannan ga rashin tabbas. Yaro ɗan shekara 18 bai san ko zai gama ba, bai san ko zai sami aiki ba, bankin ma bai sani ba. A cikin ɗalibai ɗari da suka shiga aji ɗaya, wasu za su zama manyan ma'aikata, wasu za su shekara biyar suna yawo da takardu a ambulan. Saboda haka banki ko dai ya ƙi bayarwa, ko ya sa kuɗin ruwa mai tsanani, ko ya nemi jingina da mai tsaya wa. Wanda ke da filin jinginarwa da kawu babban ma'aikaci kuwa, galibi ba shi ne mai buƙatar bashin ba.

Shawarar da Friedman ya kawo ita ce gwamnati ta biya wa mutum karatu, shi kuma ya riƙa mayar da wani kaso na abin da yake samu ta hanyar hukumar haraji. Mai samu da yawa ya biya da yawa, marar samu a ɗaga masa ƙafa. Ƙasar da ta fara aiwatar da wani abu mai kama da wannan a faɗin ƙasa ita ce Ostireliya a 1989, da tsarin da masanin tattalin arziki Bruce Chapman ya zana. Ɗalibi ba ya biyan komai a ƙofar shiga. Idan ya gama, kuma abin da yake samu a shekara ya haura wani mataki, hukumar haraji ce ke cire nata tare da haraji. Idan bai kai matakin ba, ba a taɓa shi. Ingila ta bi sahu daga baya. Wannan shi ake kira bashin da biyansa ke bin samu, kuma shi ne Najeriya ta yi ƙoƙarin kwaikwaya.

Ɗaya salon kuma shi ne wanda Amurka ta daɗe a kai, wato bashi mai kuɗin ruwa da ake yanka wa mutum adadin da zai biya duk wata, ko yana da aiki ko ba shi da shi, duk da cewa daga baya su ma sun shigo da tsare-tsaren biya gwargwadon samu. Yau Amurkawa sama da miliyan 40 ne gwamnatin tarayyarsu ke bi bashin karatu, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6. Dokarsu ta sa da wuya ƙwarai kotu ta yafe wa mutum wannan bashi ko da ya talauce. Da Shugaba Biden ya so yafe wani ɓangare, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a watan Yunin 2023. Yawancin labaran ban tsoro da ake ji game da bashin karatu daga can suke fitowa, shi ya sa yana da kyau a san cewa ba kowane bashin karatu ne ke da irin wannan ƙira ba.

Yadda namu yake

Ba wannan ne karon farko ba. A 1972 gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance, a 1993 kuma aka yi dokar kafa bankin ilimi. Duk ba su yi ƙarko ba, kuma babban abin da ya kashe na farkon shi ne an bayar, an kasa karɓowa.

Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, amma dokar ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta tun a haihuwa. Sai abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Sai ka kawo masu tsaya maka guda biyu, daga cikin ma'aikatan gwamnati masu matakin albashi na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko ma'aikacin shari'a. Kuma idan mahaifinka ya taɓa cin bashi bai biya ba, kai ma ka faɗi. Ka duba fa: gidan da ba ya samun dubu arba'in da biyu a wata, ina zai samo manyan ma'aikata biyu su sa masa hannu? Matsalar da Friedman ya bayyana ce aka dawo da ita ta taga. Aka soke dokar, aka yi sabuwa, aka sa mata hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire duk waɗannan sharuɗɗa uku. Ranar 24 ga Mayun 2024 asusun, wanda aka fi sani da NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet.

A tsarin yanzu bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya biyowa ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura wa makarantar. Akwai kuma kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun bankin ɗalibi idan ya nema. Ana buƙatar lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambar ɗalibi ta makaranta, kuma sai makarantar ta riga ta tura sunayen ɗalibanta. Makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. Babu kuɗin ruwa. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari na albashi ba, mai sana'ar kansa kuma ya biya daga ribarsa. Wanda bai sami aiki ba zai iya neman a ɗaga masa, da takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a nan laifi ne mai kai mutum gidan yari. Idan mutum ya rasu, bashin ya faɗi, ba a bin magada.

Batun rashin kuɗin ruwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Rance ne da za ka mayar da daidai abin da ka karɓa, wanda shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira ƙardun hasan. A Ingila, inda bashin yake da ruwa, akwai ɗalibai Musulmi da ke haƙura da jami'a ko su nemi wata hanya saboda gudun riba. Tun 2013 Firaminista David Cameron ya yi alkawarin samar musu da tsarin da ya dace da shari'a, aka shafe fiye da shekara goma ana jira.

Mu yi lissafi

Alƙaluman nan misali ne kawai don a ga yadda abin ke tafiya. Mu ce kuɗin rajistar ɗaliba naira 100,000 ne a shekara, kuma ta karɓi kuɗin kashewa na wata goma, wato 200,000. Shekara ɗaya 300,000 kenan, shekara huɗu miliyan 1.2. Ka lura da wani abu da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi: kashi biyu cikin uku na bashin nan daga dubu ashirin-ashirin ɗin nan ya taru. Alat ɗin da ke shigowa duk wata kamar kyauta, shi ne mafi girman bashin.

Idan ta sami aiki mai albashin 150,000, za a riƙa cire 15,000 a wata, ta gama cikin wata 80, shekara shida da wata takwas. Idan kuwa mafi ƙarancin albashi na ƙasa take ɗauka, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, to 7,000 za a cire, kuma sai ta haura shekara 14 tana biya.

Yanzu ga inda lissafin ya fi daɗi. Kuɗin da ta ci a aji ɗaya, ba za ta fara mayar da shi ba sai bayan kamar shekara bakwai: huɗu na karatu, ɗaya ta hidimar ƙasa, biyu na sararawa. Wannan ma idan ba a yi yajin aiki ba, kuma mun san a 2022 ASUU ta yi wata takwas. A cikin shekara bakwai ɗin nan naira ba ta tsaya cik ba. Idan farashin kaya na tashi da kashi 20 cikin ɗari duk shekara, abin da ake saya 100,000 yau zai koma kusan 358,000. Ma'ana, dubu ɗarin da za ta mayar a lokacin, darajarta ba ta wuce ta dubu 28 na yau ba. Ko da hauhawar farashin ta sauko zuwa kashi 10, darajar za ta zama kamar dubu 51. A watan Disambar 2024 kuwa hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8.

Wato a ƙasar da farashi ke gudu haka, bashi marar ruwa na tsawon shekaru rabinsa ko fiye kyauta ce a ɓoye. Ga ɗalibi wannan labari ne mai daɗi, kuma a ganina duk wanda rashin kuɗin rajista zai sa ya ajiye karatu, lissafi yana goyon bayan ya karɓa. Ga asusun kuwa labarin daban ne. Ko da kowa ya biya har kwabon ƙarshe, abin da zai dawo ba zai ɗauki nauyin ɗalibai adadin waɗanda suka ci ba. Ostireliya ta toshe wannan ɓaraka ta hanyar ɗaga bashin duk shekara gwargwadon tashin farashi. Mu ba mu yi haka ba, saboda haka asusun zai rayu ne muddin gwamnati na zuba masa sabon kuɗi. Dokar 2024 ta ware masa kashi 1 cikin ɗari na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tarawa. Ranar da wata gwamnati ta ga kuɗin sun fi amfani a wani wuri, ranar za a gane cewa ba asusu ne mai juya kansa ba.

Matsala ta biyu ita ce karɓowa. Tsarin Ostireliya da na Ingila suna aiki ne saboda hukumar haraji ta san abin da kusan kowa ke samu. A Najeriya alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne: kasuwa, gona, sana'ar hannu, kabu-kabu. Cire kashi 10 daga albashin malamin makarantar gwamnati abu ne mai sauƙi. Amma mai digirin da ya buɗe shagon waya a Farm Centre ko yake saro atamfa a Kantin Kwari, wa ya san ribarsa ta wata? Wanda ya fita waje kuma fa? Haɗa bashin da BVN da NIN zai taimaka wajen gano mutum, abin da ba a da shi a 1972, amma gano mutum daban, sanin samunsa daban. Haɗarin shi ne ƙananan ma'aikata masu albashi su biya tsaf, waɗanda suka fi su samu a kasuwa su sulale.

Akwai kuma wani bambanci da ba a cika magana a kai ba. A Ingila, ɗaliban da suka shiga daga 2023 suna biyan kashi 9 ne na abin da ya haura fam 25,000 a shekara, ba na dukkan albashi ba. Mai samun fam 30,000 zai biya kashi 9 na fam 5,000, wato fam 450 a shekara, kashi ɗaya da rabi kacal na samunsa. Bayan shekara 40 kuma abin da ya rage an yafe. Cire kashi 10 daga dukkan albashi ya fi wannan ciwo nesa ba kusa ba ga mai ƙaramin ƙarfi. Dubu bakwai a wurin mai dubu saba'in kuɗin motar zuwa aiki ne, dubu saba'in a wurin mai dubu ɗari bakwai kuwa ba za ta hana shi barci ba. Da za a gyara dokar, nan ne wurin da ya fi cancanta a fara taɓawa.

Shin bashin na kai yara jami'a kuwa?

Namu bai daɗe ba, waɗanda suka fara ci ma ba su shiga biya ba. Amma akwai bincike mai ƙarfi daga wasu wurare. A ƙasar Chile, a da sai ɗalibi ya ci maki 475 a jarrabawar shiga jami'a kafin ya cancanci bashi. Masanin tattalin arziki Alex Solis ya kwatanta waɗanda suka tsallake layin da ƙyar da waɗanda suka gaza da ƙyar. Yaran nan kusan ƙoƙarinsu ɗaya, maki ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, bashin ne kawai ya raba su. A sakamakon da ya wallafa a 2017, shiga jami'a ya kusa ninkawa a tsakanin waɗanda suka cancanci bashin, kuma tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa ta kusa ɓacewa. Dabarar binciken ita ce abin sha'awa: tunda ba za ka iya raba yara da ƙuri'a ka hana wasu bashi ba, sai ka nemi inda doka ta riga ta ja layi, ka duba gefe da gefensa.

Tallafin da ba a mayarwa shi ma yana aiki. A 1982 Amurka ta daina ba marayu 'yan jami'a wani tallafi da take ba su. Susan Dynarski ta bi sawun abin da ya biyo baya, ta gano cewa duk dala 1,000 ta tallafi tana ƙara yiwuwar shiga jami'a da kusan maki 3.6 cikin ɗari.

Binciken da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda Eric Bettinger da abokan aikinsa suka wallafa a 2012. A Amurka akwai dogon fom da ake cikewa, FAFSA, kafin a sami tallafi ko bashin gwamnati. Sai suka raba iyalai masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su bayani kawai kan tallafin da suka cancanta, wasu kuma aka zauna da su aka taya su cike fom ɗin. Bayanin shi kaɗai bai canza komai ba. Taimakon cikewar kuwa, na 'yan mintuna, ya ƙara shigar yaran da ke gama sakandare jami'a da kusan maki 8 cikin ɗari. Ba a ƙara ko dala ɗaya a kan tallafin ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibi ya maƙale saboda sunansa na NIN ya saɓa da na JAMB, ko ranar haihuwar da ke BVN daban, ya san wannan ba matsalar Amurka kaɗai ba ce. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙaramar hukuma da za ta ajiye mutum biyu da kwamfuta su taya 'yan aji ɗaya gyara takardu da cike fom, ta yi aikin da ya fi taron wayar da kai goma.

Kafin a kai ga bashi

Tsari mai hankali shi ne a fara neman kuɗin da ba a mayarwa. Kusan kowace jiha tana da hukumar ba da tallafin karatu, duk da cewa abin da wasu ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, kuma yakan makara. Akwai hukumar tallafin karatu ta tarayya, akwai PTDF ga masu fannonin da suka shafi mai da iskar gas, akwai na kamfanoni irin su NLNG. Masu neman digiri na biyu da na uku a waje suna da Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Malaman manyan makarantun gwamnati kuma TETFund ce hanyarsu. Sai dai a san cewa yawancin waɗannan ƙwazo suke bi, ba talauci ba, kuma ƙwazon da ake aunawa da jarrabawa yakan bi irin makarantar da yaro ya fito. Shi ya sa sikolashif kaɗai ba ya isa ga yaron da ya yi sakandaren ƙauye ya shigo da maki daidai wa daida, alhali shi ne ya fi kowa buƙata. Ba a kuma biyan kuɗi don a sami tallafi. Duk wanda ya ce ka tura wani abu a saka sunanka, ɗan damfara ne.

Wanda ya yanke shawarar cin bashin, ba dole ne ya haɗa duka biyun ba, ana iya neman kuɗin makaranta a bar na kashewa. A misalinmu na sama, wannan kaɗai ya mai da miliyan 1.2 zuwa 400,000. Sannan ya riƙa bibiyar shafinsa da ofishin kuɗi na makaranta. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa akwai makarantun da kuɗin ɗalibai suka shiga asusunsu ba su sanar ba, da waɗanda ɗalibi ya riga ya biya da kansa kafin kuɗin su iso, mayar masa ya zama aiki. Ko kuɗin sun kai gare ka ko ba su kai ba, da sunanka aka rubuta bashin, don haka ka adana rasit da duk wata shaidar abin da aka biya a madadinka, shekara bayan shekara, har ranar da za a fara cirewa.